'Yan tsanar katako biyar da aka sake wa fenti: inda aikin ya lalace da yadda aka gyara shi

Saitin da wannan nazari ya shafa na 'yan tsanar katako ne guda biyar, irin waɗanda ake buɗe babba a tarar da wata a cikinta, a buɗe wannan ma a tarar da wata, har a kai ga 'yar autar da ba ta buɗuwa. Matiriyoshka ake kiransu, asalinsu kuma Rasha. Wannan saitin dai bai fito daga hannun gwani ba. Irin na araha ne da ake yi da yawa domin masu sayen tsaraba. Babbar ta kai santimita 15 a tsaye, ƙaramar ba ta wuce santimita 3 ba. An zuba musu ja da rawaya, an lafta musu banish mai kauri yana ta ƙyalli, fuskokin duk iri ɗaya. Da na duba da kyau sai na ga fuskar ma hoto ne aka manna, aka bi ta kai da banish, ana iya jin gefensa da farce.

Ƙanwata ce ta saye shi da niyyar mayar da shi hoton iyali: babbar ta zama mahaifiyarmu, ta biyu ta zama ita kanta, sauran ukun su zama 'ya'yanta, sannan ta kai wa mahaifiyar tamu kyauta. Tana da hannun zane, ta saba aiki da fentin akirilik a kan takarda da kyalle, don haka ba ta ga wani abin tsoro a ciki ba. Ta ɗauki babbar da mai bi mata, ta shafa musu fenti kai tsaye a kan tsohon banish ɗin, suna rufe, buroshi yana bi ta kan layin da rabin sama ya haɗu da rabin ƙasa. Da fentin babbar ya sha iska ta ɓalle ta da ƙyar, ta saka ta biyun a ciki domin ta ga yadda za su zauna, ta mayar da murfi ta ajiye. Daga nan ba ta sake buɗuwa ba.

Da ta kawo mini abin da ta ce shi ne, "Yaya, duba min wannan. Ta ƙi buɗuwa, kuma ko farce na sa fentin tashi yake yi."

Haka ne kuwa. Na kama gefen fentin a bayan kan 'yar tsanar na ja kaɗan, ya biyo hannuna kamar saɓar maciji, tsohon jan ɗankwalin ya fito tas a ƙarƙashi ko tabo babu. Wannan ita ce matsalar da ta fi fitowa fili, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Akirilik fenti ne na ruwa, idan ya bushe leda ce siririya yake zama, kuma ledar tana bukatar wuri mai ɗan kaushi da za ta kama. Banish mai santsi bai ba ta wannan ba. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne bakin haɗuwar, da kuma 'yar tazarar da ke tsakanin kowace 'yar tsana da bangon cikin wadda ta haɗiye ta. Wanda ya saba zane a kan allo ko takarda bai taɓa haɗuwa da waɗannan abubuwa biyu ba, domin allo ba ya buɗuwa, ba kuma a saka shi cikin wani allon.

Sai an san yadda ake ƙera su kafin a gane dalilin da bakin yake da tsauri haka. An fara yin su ne a shekarun 1890 a Rasha. Masassaƙi Vasily Zvyozdochkin ya feƙe saitin farko a injin sassaƙa mai juyi, mai zane Sergey Malyutin kuma ya yi masa fenti. Guda takwas ne, ta wajen yarinya ce da ɗankwali tana rungume da baƙin zakara, ta can ciki kuma jaririya a naɗe. A 1900 aka kai irinsu babban bajekolin duniya na birnin Faris, suka samo lambar tagulla, kasuwarsu ta buɗe. Itacen da aka fi amfani da shi shi ne wanda Rashawa ke kira lipa, mai laushi, marar nauyi, mai lafiyayyen jiki da ba ya gardama da wuƙar sassaƙa. Masu yin aikin yadda ya kamata sukan sare shi, su ɓare yawancin ɓawon, su jera gungumen a inda iska ke ratsawa har shekara biyu ko fiye kafin su taɓa shi. 'Yar autar ake fara feƙewa, sannan a yi wadda za ta haɗiye ta, a haka har a kai ga babba, kuma masassaƙin da wadda ya gama yake gwada ramin ta gaba. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Rabin ƙasa ne ke da leɓen da ke shiga cikin rabin sama, kuma babu maƙulli, babu zare irin na murfin kwalba, gogar katako da katako kaɗai ke riƙe su. Abin da aka auna daidai wa daida irin wannan, ɗigon fenti ɗaya ya isa ya mayar da shi gam.

Ga yadda muka buɗe ta. Na bi layin haɗuwar da sabuwar reza a hankali, ina yanka fentin kawai ba tare da na nutsa cikin katakon ba. Muka ajiye ta a wuri busasshe nesa da rana domin ruwan da katakon ya sha daga fentin ya fita. Bayan haka na riƙe rabin sama da hannu ɗaya, rabin ƙasa da ɗayan, na danna da manyan yatsu kusa da layin, na ɗan karya ta gefe guda, na juya na karya ta ɗaya gefen, har baki ya saki. Murɗawa da ƙarfi ita ce ke fasa leɓen, kuma leɓen da ya fashe da wuya ya koma daidai. Da ta buɗe sai muka tarar da abu na biyu: kafaɗun ta biyun sun manne da bangon ciki, sun bar shuɗin tabo a wurare biyu masu fuskantar juna. Fentin ya bushe a taɓawa, amma bai ƙone ba, wato bai gama yin tauri har ciki ba, kuma akirilik da bai gama ƙonewa ba yana kama duk abin da aka matse shi da shi.

Waɗannan tabo biyu sun gaya mana abin da ya juya dukkan tsarin aikin. Na yanko siririn kwali na zura tsakanin ta biyun da bangon babbar, ya shiga da ƙyar a kafaɗa. Tazarar ke nan gaba ɗaya. Kuma duk kaurin da aka ƙara a jikin abu mai da'ira sau biyu yake ci, domin yana hagu yana dama. Idan aka bar tsohon fenti da tsohon banish, aka ɗora farin shafi, aka ɗora launi, aka ɗora sabon banish, to ta cika ramin ta wuce. Saboda haka muka yanke cewa huɗun da ke shiga cikin wasu dole a kankare su har katako, a cire kaurin da masana'anta ta sa kafin a sa namu. Babbar kuwa ba ta shiga cikin kowa, da a ce ita kaɗai ce da goge ƙyallinta da samfefa ya wadatar. Ita ma mun kankare ta ne kawai saboda hoton fuskar da aka manna, wanda gefensa zai fito a ƙarƙashin sabon fenti.

Kafin a kankare banish, yana da kyau a san ko wane iri ne, kuma gwajin ba shi da wuya. A ƙasan gindin 'yar tsanar, inda ido ba ya kaiwa, na ɗiga sifirit da auduga na jira kaɗan. Bai yi komai ba, wato ba shelak ba ne, banish ɗin da ake yi da ƙaron wani ƙwaro, domin shelak a sifirit yake narkewa. Na ɗiga asiton, sinadarin nan da ke cikin yawancin magungunan goge fentin farce, nan da nan wurin ya yi laushi ya fara danƙo. Wannan alamar banish ne mai saurin bushewa irin na naitiro, wanda masana'antu ke so saboda ba ya ɓata musu lokaci. Da ya ƙi duka biyun, da sai mu ce mai yiwuwa foliyuritan ne, wani banish mai tauri, shi kuma sai samfefa ko maganin cire fenti mai ƙarfi. Namu ya zo da sauƙi: tsumma da asiton suka ɗauke mafi yawansa, hoton fuskar ma ya saki ya fita. A waje muka yi, da safar hannu, nesa da duk wata wuta, domin asiton yana kamawa nan take kuma tururinsa yana hawa kai.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi son narkarwa a kan gogewa a bushe. Ba mu san abin da ke cikin fentin masana'antar ba. Tun 2009 dokar Amurka ta taƙaita dalma a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan, Turai ma tana da ƙa'idar EN 71 da ke iyakance sinadaran da ke iya fita daga kayan wasa. Sai dai 'yan tsana irin waɗannan da yawa a matsayin kayan ado ake sayar da su, kuma a jikin kwalin wannan saitin babu wata alama da ke nuna an gwada shi. Ƙurar fentin da ba a san asalinsa ba bai kamata ta shiga huhu ko ta zauna a ɗakin da yara ke rarrafe ba. Ɗan abin da ya rage bayan asiton da samfefa mai ɗan danshi muka bi shi, da takunkumi a fuska, muka tattara tsummokaran muka zubar.

Samfefa mai lamba 120 ta cire ragowar, mai lamba 220 ta daidaita jikin. Daga kai zuwa gindi ake gogawa, bin tsawon jijiyar itacen, domin wanda ya goga a kewaye zai bar zobba da za su fito fili da zarar an sa launi. Lipa da ire-irensa suna da laushi ƙwarai, samfefa na cinsu da sauri, kuma bangon ƙananan 'yan tsanar siriri ne. Leɓen haɗuwar kuwa ba mu bari samfefa ta taɓa shi ba ko kaɗan a wannan mataki. Muka naɗe shi da salatif na takarda, muka toshe bakin rabin sama ta ciki da shi, aka raba kowace gida biyu, kowane rabi ya zauna shi kaɗai.

Sai shafin ƙasa. Masu aikin gargajiya a Rasha kunun sitaci suke shafa wa katakon, su bar shi ya bushe, domin ya toshe ƙofofin itacen kada launi ya bazu. Mu jeso muka sa, farin shafin nan na akirilik mai ɗan alli-alli da masu zane ke shimfiɗawa kafin su fara. Mun tsinka shi da ruwa kaɗan, shafi biyu sirara. Shafin farko yakan tayar da gashin katako, jikin ya yi kaushi, sai a bi shi sama-sama da samfefa mai lamba 320 ko 400 kafin na biyu.

A nan ta biyun ta fito da nata halin. Farin bai gama bushewa ba sai ga ruwan hoda yana tasowa daga ƙarƙashi, daidai inda tsohon jan ɗankwali yake. Ƙanwata ta ce a ƙara shafi. Ƙarin shafi ba ya maganinsa, domin wannan jan rini ne da ya nutse cikin katakon, kuma duk shafin da ke da ruwa a cikinsa sake narkar da shi yake yi ya jawo shi sama. Wannan ma yana da tushe a sana'ar. A garin Sergiyev Posad na Rasha da fentin guwash aka san su, wani fenti na ruwa mai kauri, mai zama a saman katako. A garuruwan Semyonov da Polkhovsky Maidan kuwa rinin anilin suke amfani da shi, shi ne ke ba 'yan tsanarsu wannan ja da rawaya masu haske da manyan furanni a gaban riga, kuma masu kwaikwayonsu da araha sun ɗauki launin har da rinin. Maganin shi ne a sa shinge tsakanin rinin da ruwan. Muka goge jeson daga wurin, muka shafa shelak marar kaki siriri, jan buroshi ɗaya ba komowa, domin sifirit ɗin da ke cikinsa ma yana iya motsa rinin idan aka yi ta kai da kawowa. Da ya bushe muka mayar da jeso, farin ya tsaya fari. Ganin haka muka yi wa sauran duk inda ja ya taɓa zama.

Ta ukun ce ta fi ba ni tausayi, kuma ita ce ta fi koya mana halin katako. Da aka cire mata banish sai ga siririyar tsaga a rabin ƙasa, daga leɓe ta gangara kusan santimita 2, da can ƙyalli ya ɓoye ta. Bakin nata kuma ba da'ira ba ne cikakkiya, ya ɗan yi tsawo ta gefe guda. Dalilin shi ne itace ba ya ƙanƙancewa daidai ta kowace fuska idan yana bushewa. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Ta faɗinsa yana motsi sosai, kuma ta bin zobban shekarunsa yana janyewa kusan ninki biyu na yadda yake janyewa daga tsakiya zuwa ɓawo. To idan aka feƙe da'ira daga itacen da bai gama bushewa ba, zai ci gaba da bushewa bayan an gama, da'irar ta karkace, wani lokaci ta tsage. Shekara biyun nan da gwanaye ke jira saboda wannan ne, kuma a nan mai yin na araha yake rage tsada. Tsagar mun buɗa ta kaɗan da yatsa, muka tura farin gam ɗin katako da tsinken sakace, muka ɗaure da roba, muka share abin da ya ɓullo ta ciki tun yana ɗanye don kada ya ci tazarar ta huɗu. Karkatar kuwa ba ta gyaruwa. Abin da za a iya shi ne a zauna da ita: na yi ta juya rabin sama a kan na ƙasa har na sami matsayin da suke shiga juna ba tilas, na sa ɗigon fensir a ciki a sama da ƙasa. A wannan matsayin aka zana ta, don haka duk wanda ya daidaita zanen gabanta ya daidaita bakinta ke nan ba tare da ya sani ba.

A kan fuska muka yi saɓani na gaske. Ƙanwata tana son kamanni sosai, ta zo da hotuna a waya, tana so wanda ya gani ya ce wannan wance ce. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, wannan jikin ba zai ɗauki abin da kike so ba." Kan 'yar tsana dunƙule yake, yana lanƙwasa ta hagu da dama, ta sama da ƙasa. Fuskar da aka kwafo daga hoto mai shimfiɗe, idan ta hau wannan lanƙwasa, idanu sukan gudu gefe, kumatu su baje. A ta huɗu fuskar ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba, a 'yar autar kuwa ɗigo uku ne kawai za su samu wuri. Idan babbar ta yi kama da mai ita, ƙananan suka zama ɗigo, saitin ya rabu gida biyu. Na tuna mata da yarinyar Malyutin da zakaranta: abin da ke hannu da suturar da ke jiki su ke faɗin ko wace ce. Ba ta yarda nan take ba, sai da ta gwada fuskar mahaifiyarmu da fensir a kan jeso ta ga yadda ta fito, ta goge da kanta. Har yanzu tana ganin da ta fi haka ƙwarewa da ta iya, kuma ban musa mata ba, akwai masu zanen da ke yin fuskokin mutane a jikinsu su fito sak, tun ƙarshen shekarun 1980 ma aka yi ta sayar da masu fuskar Gorbachev da shugabannin Tarayyar Sobiyet da suka gabace shi a cikinsa. Amma wannan aikin wanda ya shekara yana yi ne.

Abin da aka tsaya a kai: fuska iri ɗaya mai sauƙi ga kowa, bambancin ya fito daga wani wuri. Babbar ta samu tabarau da shuɗin da mahaifiyarmu ta fi so. Ta biyu tana riƙe da almakashi da zare. Babban yaron yana rungume da ƙwallo, mai bi masa da littafi, jaririyar a naɗe cikin farin mayafi mai ɗigo-ɗigo. Launi guda, wani ruwan ƙasa mai haske, ya bi ta gefen rigar kowa domin ido ya gane gida ɗaya suka fito.

Zanen fensir a rufe ake yinsa, launi kuma a buɗe. Wannan ita ce ƙa'idar da ta hana abin da ya faru da farko sake faruwa. An cire salatif, an haɗa rabi da rabi, an ja layi siriri daga tsakiyar kai zuwa gindi ta gaba domin fuska da hannuwa su zauna a kansa, an zana komai. Sannan aka raba, aka mayar da salatif, aka shafa manyan launuka kowane rabi daban, mai haske kafin mai duhu, shafi sirara har launin ya cika. Rabin sama a kan yatsa yake zama ana juya shi, na ƙasa a riƙe shi ta ciki. 'Yar autar ba ta da inda za a kama, sai aka manna gindinta a kan murfin kwalba da ɗan danƙo. Inda zane ya ratsa layin haɗuwa, kamar littafin ta huɗu, sai a haɗa su ba tare da an danna har ƙarshe ba, a ja layin, a raba nan take tun fentin yana ɗanye, a share bakin da auduga. A babbar da ta biyu ƙanwata ta yi dabara mai kyau da ban kawo ta a raina ba: ta sa ɗamarar riga ta faɗo daidai kan layin, ya ɓace a cikinta.

Ƙananan abubuwa da buroshi mai lamba 0 aka yi su, ɗigon ido da na mayafi kuma da bakin tsinken sakace, wanda ya fi kowane buroshi ba da ɗigo mai kyau. Kumatu da guntun soso kusan busasshe. Baƙin layin gefe ƙanwata ta so ta yi da alƙalamin fenti, muka fara gwada shi a ƙasan gindi, muka bi da banish na ruwa da buroshi, layin ya ja wutsiya. Saboda haka shafin banish na farko na fesawa aka yi, sama-sama daga nesa, ya kulle layukan, sauran kuma da buroshi mai laushi.

Banish na ruwa muka zaɓa, mai matsakaicin ƙyalli. Na mai yana rawaya da tsufa, kuma da ya mayar da mayafin jaririyar da farin idanu ruwan madara mai duhu cikin 'yan shekaru. Babbar ta samu shafi uku tunda ita hannu ya fi taɓawa, na ciki shafi biyu sirara, kuma bayan kowane shafi ana gwada kwalin nan a kafaɗa a ga ko har yanzu yana shiga. Cikinsu ba a sa masa komai ba. Masu sana'ar ma haka suke barinsa, katako tsirara, kuma yana da amfani biyu: ba ya cin tazara, sannan fenti ba ya haɗuwa da fenti. Shuɗin tabon da ya rage a cikin babbar an kankare shi da bakin reza.

Mataki mafi wuya a wurin ƙanwata shi ne wanda ba a yin komai a cikinsa. Rabi takwas da 'yar auta ɗaya suna jere a kan shiryayye, a buɗe, ba wanda ya taɓa wani. Banish na ruwa yana bushewa a taɓawa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙonewarsa ta ainihi, wadda zai iya jure matsi ba tare da ya kama ba, makonni take ɗauka, kuma yawancin gwangwanaye suna rubuta wannan a jikinsu da ƙananan haruffa. Na ce ta bar su har sai ta kai hanci kusa ba ta ji wari ba, ta danna farce a ƙasan gindi bai bar shaida ba. Ranar kyautar ta zo ta wuce ba su shirya ba, ta kai wa mahaifiyarmu hotonsu a waya ta ce suna tafe. Na fi son hakan a kan ta kai mata abin da zai manne a hannunta.

Da lokaci ya yi aka cire salatif na ƙarshe. A wasu wuraren banish ya yi ɗan tudu a gefen baki, aka bi shi da reza a kwance. Leɓen kowace aka goga masa kakin zuma kaɗan, kyandir ma yana yi, aka murza da tsumma. Huɗu suka shiga juna lafiya, murfi yana zama da 'yar ƙara mai daɗi. Ta ukun tana rufuwa a matsayinta guda ɗaya tak, kamar yadda aka tsara.

Saura batun yara, wanda na ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da ya gabata. Ƙa'idar gwajin kayan wasa a Amurka da Turai tana amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa haɗarin shaƙewa ne ga yaron da bai kai shekara uku ba. 'Yar autar wannan saitin tana shigewa har da sauran wuri, haka ma kowane rabi na ta huɗu. A gidan da saitin zai zauna jikoki ƙanana suna zuwa, kuma abu mai launi da ke buɗuwa shi ne farkon abin da hannunsu zai nufa. Aka yi shawara saitin ya zauna a rufe a saman kabad, idan yara na son wasa da shi a ba su manyan ukun, ƙananan biyun babba ya riƙe.

Bayan wasu watanni, da iska ta yi laima, bakin babbar ya ƙara tsauri, ta ukun kuma ta fara kama ta huɗu a kafaɗa ɗaya. Katakon da ba a rufe cikinsa ba yana shan danshi yana kumbura, wannan kuwa ba zai daina ba muddin saitin yana nan. Ba a taɓa fentin ba. An naɗe samfefa mai lamba 400 a yatsa an goga cikin ta ukun daidai inda tabon ya nuna, an ƙara kaki a leɓen babbar, an kuma matsar da saitin daga kusa da taga. Leɓen kansa an bar shi da kaurinsa, domin idan aka rage shi a lokacin laima, iska na bushewa murfin zai yi sako-sako ya riƙa faɗuwa. Tsagar da aka manne ba ta sake buɗewa ba.